Ranar da Kare Ya Yi Mini Dariya a Gaban 'Ya'yana

Duk uban da ya haura shekara arba'in yana da tarihi iri biyu: wanda ya auku, da wanda yake ba 'ya'yansa bayan an ci tuwon dare. A cikin na biyun, ni ne Sarkin Gem na unguwarmu a cikin birnin Kano, tun daga wajen 1994 har na shiga babbar sakandare. Na sha gaya wa yarana haka, musamman idan na gan su sun duƙufa a kan waya suna wani wasa da in an kashe mutum sai ya kalli talla ya tashi da ransa. Nakan ce musu wannan ai reno ne. A zamaninmu rai uku ake ba ka, babu ajiya, babu afuwa. Ka kai ƙofar gidan dodon ƙarshe a Mario, a ɗauke wuta, shi ke nan, gobe ka faro daga tushe.

Rannan sai Auta, wadda ba ta cika shekara goma ba, ta ɗago kai ta ce, "Abba, to ka nuna mana mu gani."

Uwargida tana ninke kaya. Ba ta ce uffan ba, amma na ga kafaɗarta tana rawa.

Ga wanda bai riski zamanin ba, abin da muke kira Famili Gem wata 'yar na'ura ce da ake soka wa kaset a ka, a jona ta da talabijin. Ta asalin kamfanin Nintendo ne ya fitar da ita a Japan a 1983, fara da ja, da sunan Famicom. Kamfanin kuwa tun 1889 yake a birnin Kyoto yana buga karta, kun ga ke nan hana mutane aikin yi gadonsa ne. Mu dai ta asalin ba ta iso lungunmu ba. Kwafinta ne daga Taiwan da Sin ya cika kasuwa, da kaset ruwan ɗorawa. Guda ɗaya tak muke da ita a unguwa, tsarabar Makka ce da wani Alhaji ya kawo wa ɗansa, hannu biyu gare ta, yara kuwa cike da soro.

Na shiga kasuwar kayan lantarki neman irinta. Duk shagon da na tsaya sai a ɗauko mini PlayStation 5, in na faɗi abin da nake nema sai yaran shago su kalli juna. Ni kuwa ina da ra'ayi a kan waɗannan abubuwa, kuma sai da na zazzage musu shi kyauta. Sega Mega Drive, wadda ta fito a 1988, na yarda da ita, don Sonic yana gudu, Mortal Kombat kuma ta sa yaran unguwa sun koyi fushi irin na manya. Amma daga lokacin da PlayStation ta farko ta fito a ƙarshen 1994, faifai ya maye gurbin kaset, al'amari ya fara lalacewa. Na'urar da sai an kifa ta a kan bayanta kafin ta yarda ta karanta faifai! Sannan ga wasan ƙwallon Winning Eleven, inda kowane mara kunya yake ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafa. Abota da yawa ta mutu a kan wannan.

Can ƙuryar kasuwa wani dattijo ya shiga bayan shagonsa, ya fito da kwali yana kaɗe ƙura. Na'ura, hannu biyu, adafta, bindiga, da kaset ɗaya da aka rubuta wa 9999 a jiki. Ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya tsuga kuɗi, wai kayan tarihi ne. Na biya ban ko taya ba.

A gida na tara iyali, na jona wayoyi a bayan talabijin ɗinmu na bango, na kunna. Allo ya cika da zane-zane marasa kan gado. Ko a jikina. Na zare kaset, na gyara tsayuwa, na hura masa iska daga wannan gefe zuwa wancan. Babban ɗana ya ce wai ya karanta cewa kamfanin da kansa ya hana hurawa, danshin baki yana sa ƙarfen ciki tsatsa, zarewa da mayarwar ce take gyara abin. Na ce masa a lokacin da nake hura kaset, wanda ya rubuta wannan bayanin ko tatata bai fara ba. Na mayar, ta kama.

Jerin wasanni 9999 ya bayyana. Kowa ya san yadda lissafin yake: Mario, Contra, Tank, Circus Charlie mai tsallaka zoben wuta a kan zaki, da harbin agwagwa. Daga nan sai a sake Mario da wani suna, a fara shi daga mataki na uku, a sauya wa sama launi, a ce sabo ne. Ban taɓa jin wanda ya kai ƙara a kan wannan ba. Mun karɓe shi a matsayin ƙaddara.

Na zaɓi Mario. Na yi wa yara ɗan jawabi: Shigeru Miyamoto ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1985, matakai 32 ne, kuma gaba ɗayansa bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar uwarsu ba. Ina cikin jawabin ne wata 'yar halitta mai siffar naman kaza, ta farkon farko a wasan, wadda aka ajiye don koya wa jarirai tsalle, ta zo ta taɓa ni. Rai ɗaya ya tafi. Na biyun ya tafi a rami. Na ukun ban ma ga abin da ya ci shi ba.

"Talabijin ɗin ne," na ce.

Muka koma harbin agwagwa. A nan kam ko makaho ya san da matsala, don ko Auta ta ɗora bakin bindiga a kan agwagwar, ba ta faɗuwa. Na kira mai gyaran rediyo na bakin titinmu, ya zo ya duba, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wannan bindigar ba ta harba komai, gani take yi. In ka ja kunama, allon yana yin baƙi na ƙiftawar ido, sai farin akwati ya fito daidai inda agwagwar take. In idon bindigar ya ga farin a kan lokaci, ka samu. Talabijin na bango kuwa yana ɗan jinkirta hoto, kafin ya nuna farin, na'ura ta riga ta yanke hukunci. Sai ka nemo tsohon talabijin mai ƙusumbi."

Na juya na kalli iyalina ɗaya bayan ɗaya. Masana sun wanke ni.

Mai ƙusumbi ɗaya na sani a duniya, yana ɗakin Hajiya mahaifiyata a cikin gari. Da tunani ya zo mini da kyau, da ni kaɗai na tafi. Amma yara suka ce za su gaida kakarsu, wa zai hana zumunci? Muka tarar da talabijin an lulluɓe shi da leshi, an jera masa fulas biyu da kwanon goro a ka. Bayan gaisuwa, Hajiya ta gama tsokanar babban ɗana da cewa maigidan nata ya zo hannu rabbana ba cefane, sai na gabatar da buƙata.

"Me za ka yi da shi, kai da kake da na bango?"

Auta ta riga ni. "Hajiya, Abba zai nuna mana yadda ya zama Sarkin Gem."

Hajiya ta cire tabarau. Ta fara dariya a hankali, ta ƙara, har sai da ta dafa gado tana tari, aka miƙo mata ruwa.

"Kishiya, zo nan ki ji. Sarkin me? Wannan da kike gani, kullum bayan la'asar sai na nemi maficina na rasa. Ashe soron gidan Alhaji yake kai shi. Na aika a kira shi, ɗan aike ya dawo ya ce ba zai samu zuwa ba, yana bakin aiki. Na yafa mayafi na je da kaina. Na tarar da yara sun zuba wa talabijin ido, shi kuwa yana tsugune a jikin bango yana yi wa wani baƙin abu fifita, gumi har gwiwa. Mafici uku ya ƙarar mini."

"Adafta ce, Hajiya," na ce.

"Ko ma mece ce. Ni dai ban taɓa ganin abin wasan a hannunka ba."

Tunda magana ta fito, bari in yi wa masu karatu bayanin da ba a ba ni damar yi a ɗakin ba. Adaftar wancan zamani, in ta yi awa biyu tana aiki, ba mai iya riƙe ta da hannu. In ta ƙone, wasa ya tashi har sai Alhaji ya huce, abin da kan ɗauki watanni. Saboda haka a soron nan akwai muƙamai. Akwai mai riƙe wayar eriya kada hoto ya yi yayyafi, akwai mai leƙen dawowar Alhaji, akwai mai fifita. Duk wanda ya taɓa kaiwa mataki na takwas a unguwarmu, da iskata ya kai. Kuma daga inda nake tsugune ina hango allo ta gefe, shi ya sa har gobe na haddace sirrin Contra: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, rai uku ya koma talatin. Ana ba ni hannu kuma, duk lokacin da ɗan Alhaji ya shiga cin abinci. Matsalar ita ce yaron ba ya daɗewa a kan abinci.

Lungun su Hajiya ɗan sahu ba ya shiga. Ni da babban ɗana muka rungumo talabijin, nauyinsa duk a gaba, muna tafe muna karo da katanga, har wani mai baro ya ji tausayinmu. Da muka sauke shi a ƙofar gidana, maƙwabta suna zaune a dakali, suka amsa sallama da wata irin murya mai taushi. Bayan sallar magariba wani dattijon unguwa ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kada ka sa damuwa. Zamanin ne ya zo da haka, kowa yana sayar da na bango ya koma tsohon. Allah ya mayar da alheri." Na buɗe baki zan yi bayani, sai na auna: in ce masa agwagwa zan harba? Na ce amin.

Aka kunna mai ƙusumbi, ya yi ƙara, ya ɗauki lokacinsa, hoto ya fito tar. Karen wasan agwagwa ya shinshina ƙasa, ya yi tsalle cikin ciyawa, agwagwa ta tashi. Harsashi uku ake ba mutum. Na rufe ido ɗaya, na saki ukun. Agwagwa ta yi sama abinta. Sai karen nan ya ɗago daga cikin ciyawa, ya kai hannu baki, yana ƙyalƙyala dariya har kafaɗunsa na girgiza. Tun 1984 yake wannan rashin mutunci, kuma waɗanda suka yi shi sun tsara abin yadda harsashi ba ya kama shi. Na gwada.

Can na lura babban ɗana ya ɓoye hannun gem a ƙarƙashin filo yana latse-latse. Ashe ya gano cewa idan agwagwa ɗaya ce a allo, mai riƙe da hannu yana iya juya ta yadda ya so. Na yi masa faɗa sosai a kan cin amanar mahaifi, na ƙwace hannun na ajiye a kan kujera. Na koma fagen fama da zuciya wasai. Kare ya sake fitowa. Na matsa gaba. Ya fito. Na matsa har bakin bindiga yana ƙwanƙwasa gilashi, Auta ta ce, "Abba, ka tare mana."

Ta karɓa, ta koma can jikin ƙofa, ta kakkaɓo agwagi goma cikin goma tana tauna cingam.

Uwargida ta ajiye ninkin kaya ta ce a sa mata Tank, ashe a gidansu ma an yi. Muka zauna mu biyu, aikinmu mu tsare mikiyar da ke ƙasan allo cikin ginin bulo. Ta ce, "Abban yara, kai ka tsaya gadi, ni zan shiga cikinsu." Na tsaya gadi. Wata tankar abokan gaba ta nufo ni, na juya da sauri na saki wuta, bulo ya rushe, na ƙara, mikiyarmu ta tarwatse. Ta dube ni irin kallon da ta yi mini ranar da na manta da cefanen sallah, ta miƙa wa Auta hannuna.

Suna mataki na bakwai sai na ji wani wari da hancina ya sani tun ina yaro. Na taɓa adafta, na janye yatsa da sauri. Kafin in yi magana, Auta ta miƙo hannu bayan kujera ba tare da ta ɗauke ido daga allo ba.

"Abba, ga mafici."

Ba don alfahari ba, har ƙarfe goma sha ɗaya suka yi suna wasa, adaftar nan ko gezau. Akwai yadda ake karya wuyan hannu, iskar ta riƙa shiga ta ƙasa, wanda ba a koyonsa a waya.

Yanzu dai Sega nake nema, mai kaset ɗin Mortal Kombat, don a can ainihin ƙwarewata take. Duk mai ita a ajiye ya yi mini magana, zan saya da daraja. Sharaɗina ɗaya ne: a kawo mini ita ofis, kada a biyo ta gidan Hajiya.