Ranar da na ceci injin Kawu

Wata uku kacal na yi ina miƙa sifana a wani garejin babura a Birnin Kebbi, amma da na koma Yauri hutun Sallah sai na tarar sunana ya koma Injiniya. Ban musa ba.

Ranar kasuwa muka taso a jirgin Kawu, mai inji doki 40, maƙil da buhunan albasa da mata da awaki biyu. Muna tsakiyar Kwara Kawu ya ce yana jin wani ɗan ƙara, in ɗaga murfi in leƙa. Na leƙa, ban ga komai ba. Amma Injiniya ba ya leƙawa ya dawo hannu rabbana, don haka na ɗora yatsa a kan wani ɗan ƙarfe mai haƙarƙari da wayoyi ke fita daga cikinsa.

Ihun da na yi har awakin sai da suka amsa.

"Kawu, rektifaya za ta kama da wuta!"

"Haka take, ɗana. Tun da na sayi injin nan haka take."

Na dube shi da tausayi, irin kallon da mai ilimi ke yi wa dattijo. Na ce wuta ce ta yi mata yawa, dole a sauke mata nauyi. Inji na tafiya na tsige wayar batir. Wani ɗan wari ya taso kamar an ƙona silifa, amma injin ko tari bai yi ba. Wata tsohuwa ta ce Allah ya yi mini albarka, har da ba ni goro.

Da dare ne fitilar jirgi ta fara kashe ido, wayoyin da Kawu ke yi wa caji duk suka mutu.

Washegari bakaniken bakin ruwa ya yi mini karatu a gaban jama'a. Ya ce maganaɗisun filawil na zaga kwayil, wutar da ke fitowa mai kaiwa da komowa ce, rektifaya ke miƙar da ita ta shiga batir mai bolt 12 a kan wajen bolt 14. Rarar kuwa zafi take zama, shi ya sa aka yi mata haƙarƙarin nan don ta sha iska. Yatsa ba ya jure digiri 60, ita kuwa a nan take jin daɗin aikinta. Batir ne ke shanye wutar. Ka tsige shi inji na gudu, sai ta rasa wurin zuwa ta ƙone rektifayar. Injin bai mutu ba ne don fulogi ba daga batir yake cin wutarsa ba.

"Ƙaran fa?" in ji Kawu.

Bakanike ya zura hannu ƙarƙashin murfi, ya zaro sifana mai lamba 10. Tawa ce. Tun jiya da asuba nake nemanta.

Kawu ya biya kuɗin sabuwa bai ce mini uffan ba. Tsohuwar nan dai ta aiko jikanta karɓar goronta.