Ranar da Maigida Ya Zama Likitan Lagireto

Ranar Asabar da hantsi, bayan koko da ƙosai sun kwanta, akwai irin magidancin da ke fitowa ƙofar gida da singileti da bokiti biyu, ya ɗaga murfin injin motarsa, ya tsura wa ciki ido kamar mai duba. Jiya allurar zafi ta haura a cunkoson Kantin Kwari. Bakanike ya faɗi kuɗin wanke lagireto, shi kuwa ya ce ai wannan ba karatun likita ba ne.

Kafin ya kwance tiyo ɗaya, majalisa ta cika. Unguwar da ake rasa mai riƙe wa mutum tsani, da an buɗe inji sai ga injiniyoyi bakwai. Ga tsohon direban tirela, ga mai shagon da ko keke bai taɓa mallaka ba, ga ɗalibin da ya kalli rabin aikin a YouTube kafin datarsa ta ƙare.

Fatawar farko ta mai shago ce: "Alhaji, ruwan nan mai kala na Turawa ne, saboda ƙanƙara. Mu nan ina ruwanmu?" Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. In aka haɗa shi da ruwa rabi da rabi, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, abin da ko hunturun Jos bai taɓa mafarkinsa ba. Sai dai mai shago bai san cewa a cikinsa akwai maganin tsatsa ba, kuma ya fi ruwa zalla jure zafi kafin ya tafasa. Ruwan rijiya kuwa yana bar wa lagireto irin farin dattin da ke kama gindin butar mai shayi, har siraran hanyoyinsa su toshe. Amma mutumin da ke daka wa yaro tsawa don ya jingina da fentin mota, shi ne zai ciji ledar fiya-wata da haƙori ya tsiyaya wa injin miliyoyi, ransa fari ƙal.

Sai aka zo wanki. Wani ya ce a zuba omo. Aka zuba, aka tayar da mota, kumfa ta yi ta ambaliya kamar ranar wankin suna.

Da ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa, nan fa ilimi ya ɓarke. Direban tirela ya ce ɗanyen ƙwai. Wani ya ce garin barkono. Na bayansa ya rantse da garin kwaki. Da an samu mai kawo albasa da mai, da lagireton nan ya ciyar da layin gaba ɗaya. Ƙwan kan yi aiki na ɗan lokaci, don yana dahuwa ya liƙe ƙaramin rami; matsalar ita ce ba ya bambance ramin da ke yoyo da hanyar da ruwa ke bi.

Babban abin tuhuma dai shi ne tamostat, ɗan ƙarfen nan da kusan duk motar Kwatano ke rasawa a makonta na farko a Arewa. Aikinsa tsare ƙofa: yana hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. In aka cire shi, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Majalisa ta yanke masa hukunci, aka jefar da shi bayan katanga, aka koma kukan tsadar fetur tun cire tallafi a 2023.

Aikin na gaskiya ba shi da wani tsafi. A bar inji ya huce sarai, a zubar da tsohon ruwa, a ɗauraye har ya fito garau, a cika da irin ruwan da littafin motar ya ce, sannan a tayar da ita a kunna hita don iskar da ta maƙale ta fita. A nan aka samu cikas, domin tun da aka sayi motar ba wanda ya san inda maɓallin hita yake. Wa zai nemi ƙarin zafi a Kano cikin watan Afrilu?

Shi kuwa murfin lagireto, matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwan da ya saba tafasa a digiri 100 ya daure har kusan 120. Maigida ya naɗe hannu da tsumma ya murɗe shi inji na huci. Ruwa ya yi tsiri sama, injiniyoyi bakwai suka watse, aka bar silifa uku da hula ɗaya a wurin.

Tsohon ruwan da ya taho da motar daga Turai yana nan a bokitin wankin uwargida. Zaƙi gare shi, kuma guba ne ga yaro da dabba. Ita ce ta hango akuya ta nufe shi, ta fito da gudu: "Baban yara, motar ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da akuyata?"

Ranar Litinin aka ja motar da igiya zuwa gareji. Bakanike ya leƙa, ya sansana, ya tambaya ko an yi girki a ciki, sannan ya ce gaskit ya ƙone. Da yamma majalisa ta sake zama, ta tabbatar da cewa motocin yanzu ne ba su da ƙwari. Direban tirela ya ce a zamanin Bosuwaja mai siffar kunkuru ba a san wannan wahala ba, kowa ya gyaɗa kai. Ita dai iska ke sanyaya injinta, ko lagireton ba ta da shi.