Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Rana

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban gajiyar tafiya, wadda masana suka ce haskenki yakan yi cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, alhali kuwa tsakaninmu da ke kilomita miliyan 150 ne, na rubuto miki da yawun dattawan ƙauyenmu. Kada wani ya munana mana zato: ba sujada muka zo yi miki ba irin ta mutanen Bilƙisu, wal'iyazu billahi, ke baiwar Allah ce mai bin umarni, mu kuwa afuwa muke nema.

Tun kaka da kakanni ba mu ambace ki da alheri ba, sai dai mu zarge ki da ƙone yabanya da ƙafar da rijiya, muna can muna zaman jiran wutar Kainji, wadda aka gama madatsarta tun 1968, har waɗanda aka haifa a shekarar suka ga jikokinsu, ba abin da ya iso mana face falwaya bakwai da wani ɗan kwangila ya kafa ana gab da zaɓe, waɗanda a yau su ne turakun jakai da majalisar hankaki.

Ana haka sai aka ɗora faranti na sola a kan masallaci da asibitin sha-ka-tafi, sai ga burtsatse tana zubo ruwa ba a saye ta da man fetur ba, ga allurar rigakafi ta sami firji, ga ungozoma ta daina cije tocila a baki tana karɓar haihuwa, aci-bal-bal kuma an sallame ta da godiya. Liman ya ce bai taɓa ganin ma'aikaciyar da ke fitowa aiki kullum, har ranar Salla, ba ta kuma aiko da takardar biya ba, sai ke.

Amma fa akwai ƙorafi. Kina tashi daga aiki da magariba, daidai sa'ar da hajarki ta fi daraja, ki bar mu a hannun batir, wanda kuɗinsa ya kai na bijimi, ƙarkonsa kuwa bai kai na jaki ba. Laifin hazon hunturu da marka ba mu ɗora miki ba. Ƙura dai yara za su share. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, mai gyara ya tabbatar mana haskenki farantin yake so, zafinki kuwa rage masa ƙarfi yake yi, ya kuma tsofar da batir, ashe duk gashin da kike mana da bazara ba ya ƙara ko cajin waya ɗaya.

Saboda haka muna roƙo ki riƙe hasken, ki sassauta zafin. In wasiƙar nan ta same ki, alamar da muke jira ita ce ki fito gobe da safe.

Wassalam,
Magatakardan mai unguwa