Jagoran Mai Tsaron Raga, Daga Turke Zuwa Benci

Mai tsaron raga, wanda 'yan kallo ke kira gola, shi kaɗai doka ta yarje wa ya kama ƙwallo da hannu ana tsakiyar wasa, kuma shi kaɗai ake ba jikoki labarin kuskurensa. Sana'ar tana da matakai sanannu. Vincent Enyeama ya taka kusan dukansu, don haka da tarihinsa za a yi misali.

Mataki na farko: a ci kofi, amma kada a jira godiya. Enyeama ne ke tsaron ragar Enyimba ta Aba lokacin da ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003, ta kuma maimaita a 2004. A wasan ƙarshe na 2004 da Etoile du Sahel ta Tunisiya, da koci ya ga za a je bugun fanareti, sai ya cire shi ya sa Dele Aiyenugba. Mutum ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, ranar girbi aka ce ya koma inuwa. Abin da ake so a nan shi ne gola ya iya tafa wa wanda ya canje shi, fuska a sake, ko da ciki na tafasa.

Na biyu: tunda ba a ƙirga ƙwallon da aka tare, a koyi ci. A Isra'ila, inda ya fara da Bnei Yehuda a 2005 kafin ya koma Hapoel Tel Aviv, Enyeama kan tsallaka fili ya buga fanareti da kansa. A 2010 ya ci Lyon a gasar zakarun Turai. An zura masa uku a wasan, amma tasa ɗayar ake nunawa har gobe.

Na uku: zaman benci. Lille ta Faransa ta ɗauke shi a 2011, ya tarar da Mickaël Landreau a raga, ya zauna. Daga nan aka ba da aronsa ga Maccabi Tel Aviv, babbar abokiyar gabar Hapoel, ya ci lig da ita a 2013. Bencin gola ya bambanta da na kowa. Ɗan gaba kan samu minti goma a ƙarshen wasa ya miƙe ƙafa. Gola na biyu kuwa da wuya ya shiga sai na farko ya karye ko an ba shi jan kati, kuma mutumin kirki ba ya roƙon Allah ɗayan biyun, aƙalla ba da ƙarfi ba.

Na huɗu: a ji tsoron 'yan baya fiye da 'yan gaban abokan karawa. Da Enyeama ya dawo Lille a kakar 2013, ya yi wasa 11 a jere, minti 1,062, ba a ci shi ba. Saura minti 114 ya kamo tarihin Gaëtan Huard na minti 1,176, sai ƙwallon Bordeaux ta bugi Simon Kjær, ɗan bayansa na kansa, ta kauce ta faɗa raga. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan batu na 'yan baya yana buƙatar bayani, domin akwai wani golan unguwa, wanda ba sai an faɗi alaƙarsa da wannan rubutu ba, da aka zura wa bakwai ranar Asabar da ta wuce. Ya jera katanga ta mutum huɗu, ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Ana bugowa katangar ta dare biyu, kowa ya juya baya yana kare fuska kamar an watso ruwan zafi. Ɗan baya na dama ya tsaya cak da hannu a sama yana kiran satar gida, alhali shi ne ya raka mai ƙwallon har bakin raga. Na hagu ya mayar da ƙwallo gida a filin da ke da tsakuwa da sawun shanu, ya manta cewa tun 1992 aka hana gola kama irinta da hannu. Ƙwallo ta yi tsalle a kan wani ɗan tudu ta wuce ta saman ƙafa. Wa aka laƙaba wa suna Rariya a wurin mai shayi da daddare? Na hagun yana nan zaune, har da ƙarin madara, yana ba jama'a bayanin yadda ya kamata a tare ta. Safar hannun ma gwanjo ce, da kuɗin golan aka saya, babu wanda ya taimaka da ko sisi. Wannan zalunci ne, babu wani suna da za a ba shi.

Na biyar, ko na shida, lissafi ya ɓace tun ƙwallo ta huɗu: bugun kwana. Idan an fito an yi gaggawa, idan an tsaya an yi tsoro. A zaɓi zagin da aka fi iya jurewa.

Batun atisaye da abinci an bar shi, bai hana bakwai shiga ba.

Saura sabon koci, wanda babu safar hannun da ke tare shi. Enyeama ya lashe kyautar Marc-Vivien Foé ta gwarzon ɗan Afirka a lig ɗin Faransa a 2014, yana kuma da wasa 101 a rigar Najeriya. A Afrilun 2017 ya ji rauni a gwiwa. Kafin ya murmure Marcelo Bielsa ya karɓi Lille, aka miƙa ragar ga Mike Maignan. Bai sake buga wa babbar ƙungiyar Lille wasa ko ɗaya ba, har suka raba gari a ƙarshen Agustan 2018.