Masu Farautar Balangu Daga Aliero Zuwa Maiyama

A Italiya da Amurka akwai mutanen da ba su da aiki sai bin gari gari suna neman gidan da ya fi iya gasa fiza, wato faffaɗan burodin nan da ake shafa wa tumatir da cuku. Mutanen birnin Nafoli sun ɗauki abin da zafi har sai da UNESCO ta sa gwanintar masu gasa ta cikin kayan gadon duniya a 2017. Mu nan Kabi ba mu jira wata hukuma ba. Musunmu a kan balangu da tsire yake, filin dagarmu kuwa titi ɗaya ne: wanda ya taso daga Sakkwato ya ratsa Aliero, ya faɗa Jega, ya miƙe kudu ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri. Duk wanda ya taɓa zama a bakin tukuba a garuruwan nan ya san alƙalan da ke yanke hukunci.

Wanda aka fi yarda da shi, kuma bai cancanta ba, shi ne direba. Fasinja na ganin mutumin da ke bin hanya kullum ai ya san inda nama yake. Ya sani ɗin. Amma ba can zai tsaya ba. Zai wuce tukuba uku masu tashin ƙamshi, ya taka birki gaban wani runji da wutarsa ke haƙilon mutuwa, ya ce, "Ku sauka ku ci, duk hanyag ga babu kamar wanga." Ku lura da ƙunshin da ake miƙa masa ta taga ba a karɓi ko sisi ba. Hanta da ƙoda suna ciki. Fasinja kuwa jijiya ce rabonsa, yana ja tana jansa har Koko.

Sai ɗan kishin gari, wanda shi kala uku ne. Na Jega ba ya fara magana daga nama, daga tarihi yake taso ta. Zai tuna maka Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin, kuma tun ƙarni na 19 fatake ke sauke kaya a kasuwarsu, saboda haka garin da ya ciyar da fatake ba zai koyi gashi wurin kowa ba. In ka ce naman na yau ya yi tauri, sai ya kawo maka Farfesa Attahiru Jega, wai garin da ya ba ƙasa shugaban hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015 ya fi ƙarfin a yi masa maguɗin kitse. Me ya haɗa akwatin zaɓe da haƙarƙarin rago, Allah masani. Na Aliero hujjarsa ɗaya ce, kuma mai ƙarfi: albasa. A wurinsa nama ɗan rakiya ne. Zai ɗaga yanka ɗaya ja jawur, ya nuna maka ruwan da ke tsattsafowa, ya ce tireloli ake lodawa daga nan zuwa Legas da Anaca, to duk wani daɗin da ka ji a tsiren Jega albasarsu ce ta yi aikin. Hawaye na zuba a idonsa yana wannan bayani, ba ka san na kishi ne ko na albasar ba. Na Maiyama shi ba ya ɗaga murya. Murmushi yake yi ya ce gara da motoci ke wucewa da gudu, don ranar da baƙi suka gane, tsada za ta shigo.

Akwai Malam Ɗanɗano. Wannan ya san kowace tukuba a ƙananan hukumomin uku, kuma babu mahaucin da ya taɓa ganin launin kuɗinsa. Yakan iso bayan magariba, hannu a baya, ya duƙa ya leƙa wuta, ya ce, "Sarkin Fawa, na yau na ko na jiya?" A yanko masa. Ya tauna a hankali, ido a lumshe, ya ce gishiri ya ɗan yi baya, a gwada masa ta wajen kitsen. A yanko. Ya gyaɗa kai ya ce bari ya zagayo. Kafin isha ya zagaya mutum biyar, ya ƙoshi, ya sami wuri ya zauna yana sakace. Abin haushin shi ne, in gaskiyar magana kake nema, shi ne ya fi kowa sani. Tun da ba ya biya, ba ya jin nauyin kowa.

Dattijon "na da" ba ya ɗaukar lokaci. A wurinsa nama ya mutu tun da aka cire Kabi daga Sakkwato a 1991, ko tun da wani tsohon runji ya rasu, wanda ba a samun mutum biyu da suka yarda a kan sunansa. Ba ya ambaton cewa a wancan zamanin haƙoransa a cike suke.

Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006 aka sami sabon iri: ɗalibi mai waya. Shi ba ya ci sai ya ɗauka. Zai sa mai nama ya gyara tsayuwa, ya sake barbaɗa yaji daga sama, ya maimaita don hayaƙi ya rufe na farko. Kafin a gama, man ya daskare a kan takarda ya yi fari. Sannan ya ba wurin taurari uku cikin biyar a Facebook, ya rubuta cewa babu wurin zama mai kyau. Ya taɓa cin fiza sau ɗaya a Abuja, wani ne ma ya biya, kuma tun ranar yake neman wanda zai ba labari. Mai nama ya saurare shi tsaf, ya ce, "To ɗana, ita hizar, wace dabba ta?" Ƙarshen wata in ya matso, za ka gan shi wurin mai awara, wayar tana aljihu.

Alƙaliyar da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta ba ta ma zuwa bakin tukuba. Hajiya tana ɗaki, aike take yi. Ta buɗe ƙunshi, ta sunsuna, ta murza yajin tsakanin yatsu biyu, ta ce ƙuli-ƙulin na tsohuwar gyaɗa ne, citta ta yi yawa don a ɓoye wani abu, masoro kuwa ko wucewa bai yi ta wurin ba. Ta ƙirga yankan, ta dubi yaron da ta aika, ta dubi maiƙon da ke gefen bakinsa. "Ina gyaran?" Yaro ya ce ba a sa ba. Ta ce ya matso. Mahauta sun fi tsoron saƙonta da na ma'aikacin duba-gari, domin in ta ce wane ya lalace a gidan suna ɗaya, kafin sati mata sun kai maganar har garuruwan Sambawa da Andarai.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji mai hawan jini. Likita ya hana shi jan nama da gishiri, iyali sun sa ido, mahautan unguwa duk an ja musu kunne. Shi ya sa ya zama babban masanin naman garuruwan da ba nasa ba. In mutumin Jega ne, sai ka ji yana da ta'aziyya a Maiyama. In na Maiyama ne, zai je Aliero duba farashin albasa, shi da bai taɓa noma ko kunya ɗaya ba. Yakan tsaya can gefe inda fitila ba ta kai ba, ya ce a sa kitse, a rage gishiri, don a zauna lafiya da likita. Ya ci, ya goge baki, ya tauna goro ya kashe ƙamshi, ya dawo gida ya sha kunun da aka aje masa yana yaba haƙurinsa.

Wani irinsu ne aka ce ya hau babur da dare, ya ɗauki hanyar Aliero don an ba shi labarin wani sabon mai balangu. Ya sayo ke nan akuya ta gitta, ya faɗa rami da ƙunshinsa a hannu. Sa'arsa ɗaya, garin da ya faɗi ya yi suna da masu ɗori tun kaka da kakanni, nan take aka kai shi aka ɗaure ƙafar da karare. Da 'yan dubiya suka zo, uwargida ta tambayi abin da ya fito da shi cikin daren. Ya ce zumunci. Ƙaninsa ya sunkuyo ya raɗa masa, "Yaya, naman fa?" Ya ce bai kai na Jega ba.