Yaranmu sun koya wa Word Hausa

Mu nan unguwar New Bell, in biki ya taso ko suna, sakatariya ake fara nufa. Ƙananan shagunan buga takardun nan da ke kewayen Marché Central da Marché Congo, har zuwa Akwa, su ne ofishinmu. Takardar haya, wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure, duk can ake bugawa. Sai dai kwamfutar Faransanci take ji, madannanta AZERTY ne, da an buga Hausa sai Word ya bi kowace kalma da jan layi.

To, yaranmu sun gano kanta, wallahi abin sai wanda ya gani. Jan layin nan, sai su zaɓi rubutun duka, su shiga wajen harshe, su ce kada a duba, shi ke nan takarda ta fito fes. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda a da ake bugawa k' da d' da b', ashe suna nan kwance cikin Symbole. Sau ɗaya za ka nemo su, ka ɗaura wa kowanne maɓallinsa. In tsohuwar takarda ce, Ctrl da H: duk inda k' take ta koma ƙ, cikin ƙiftawar ido.

Wanda ya fi burge iyayenmu mata shi ne publipostage. Hajiya ta zo da sunayen dangi cike da littafi, na Garwa, na Marwa, na Briqueterie a Yawunde, har na Kano. Yarinya ta jera su a Excel, ta tsara kati ɗaya, Word ya fito da kowa da nasa, da Alhajinsa da Malamarsa. Hajiya ta riƙe haɓa: "Ke 'yar nan, har kin gama? Allah ya yi miki albarka."

Kuma tunda mun san halin wutar garin nan, Word da ke ajiye aiki da kansa duk minti 10, mu mun mayar da shi minti 2.

Duk wannan baki da baki muke koyonsa, wani ya tsaya bayan kujerar wani yana kallo. Don Allah, wanda ya iya ya jawo ƙanensa kusa, ya nuna masa.