Mutanen tsohuwar rediyo

Daga Mallawa har Dungas waya da memori sun ƙwace harkar waƙa, amma tsohuwar rediyon Japan ba ta rasa masoya ba, kuma kowa da irin cutarsa.

Akwai Hajiyar kabad. Sharp ɗinta mai lasifika biyu na zaune tsakiyar kwanukan jere, an yafa mata saƙa. Rabonta da magana tun mulkin Kountché, amma kullum sai an goge mata ƙura.

Sai Baba Ɗan Japan, jarrabawar majalisarmu. National ɗinsa a Sabon Garin Kano ya saye ta da ya je cin rani a 1975, lokacin da kuɗin Udoji ke yawo, kuma ko a gaisuwar mutuwa kuka haɗu sai ka ji labarin. Dukawa sun ɗinka mata riga, jikoki kuwa ko inuwarta ba su isa su taka ba. Da lokacin BBC ya yi sai ya ja eriya, ya murɗa, ya kara a kunne, ya ɗaga ta gabas, ya mare ta a ƙeya. Gajeren zango ya yi ta shuu, kafin ya kamo tasha Landan ta yi sallama. Sai ya gyara zama ya ba mu labarun duniya daga kansa. Batir ba ya mutuwa a hannunsa: a shanya a rana, a ɗan cije gefe, a mayar. Na ce masa, "Baba, ai kamfanin ya ajiye sunan National tun 2008." Ya ce shi ya sa zamani ya lalace.

Mai kaset ba ya rubutu, amma biro ba ya barin aljihunsa, na naɗe zaren Shata da Ɗan Alalo ne. Mai aron rediyo zai ce "daren nan kaɗai, Malam," ya dawo da ita bayan girbi, ba batir.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne wani mai gyara na ranar kasuwa. Tsohuwa ta kai masa rediyon marigayi mijinta don bel ya tsinke, ya kwashe kayan ciki na asali, ya cusa tarkace, ya karɓi jika biyu, har da rantsuwa. Allah ya isar mata.

Ni dai ba na cikin kowa. Sanyon da ke ƙarƙashin gadona hutawa take yi, kuma uwargida ta daina ce mata gawa.